Yadda Ake Neman Bizar Ziyara Idan Masoyiyarka 'Yar Wata Ƙasa Za Ta Zo Maka Hutu

Neman biza na baƙuwa ne. Ita za ta cike fom da sunanta, ita za ta sa hannu, yatsunta za a ɗauka, kuma idan aka hana, a tarihinta za a rubuta. Kai da ke zaune a ƙasar da za a ziyarta, iyakarka ka ba da masauki, ka kawo shaidar ko wane ne kai, in da hali ka ɗauki nauyin kuɗi. Masu gayyata da yawa sukan tara takardun albashi mai tsoka da na gida mai faɗi, su ɗauka magana ta ƙare, sai amsa ta fito an hana. Jami'in biza bai cika shakkar ko za ka iya ciyar da ita ba. Abin da ke ransa shi ne, in hutun ya ƙare, za ta koma inda ta fito? Kasancewarka masoyinta kuwa ƙara wa tambayar nauyi yake yi, domin kai ne babban dalilin da zai iya sa ta zauna. Duk takardar da za a haɗa, a auna ta da wannan tambayar.

A nan mun ɗauka kai ne mai masauki, ita ce mai zuwa. In akasin haka ne, dokar ba ta canja ba.

A fara tabbatar da irin bizar

Fasfon da take riƙe da shi ne ke nuna ko tana buƙatar biza. 'Yan wasu ƙasashe izinin intanet kawai suke nema, irin su ESTA na Amurka, ETA na Birtaniya da eTA na Kanada. A duba wannan a shafin gwamnatin ƙasar da kanta. Amurka ma daga Yunin 2025 ta dakatar ko ta taƙaita bizar baƙi ga 'yan wasu ƙasashe, don haka a duba ko ƙasarta na cikin jerin kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa.

Sai ku tambayi kanku gaskiyar abin da kuke nufi da tafiyar. In hutu ne na 'yan makonni, ta ga gari, ta gaisa da danginka, ta koma, bizar ziyara ce daidai. In kuwa akwai niyyar ɗaura aure a wannan zuwan, hanyar daban ce. Birtaniya ba ta yarda mai bizar Standard Visitor, wato bizar ziyara ta gama-gari, ya yi aure ko ya ba da sanarwar aure ba, akwai bizar Marriage Visitor da aka ware wa hakan, kuma baƙuwa ba ta iya juya bizar ziyara ta koma ta zaman aure tana cikin ƙasar, sai ta koma gida ta nema. A Amurka bizar K-1 ce ta wadda za ta shigo a ɗaura aure cikin kwana 90 ta zauna. Shiga da bizar B-2, wato ta ziyara, alhali an riga an ƙudurta zama, yaudara ce a idon doka. A Jamus da sauran ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da bizar ziyara guda, mai son aure da zama bizar ƙasa ta dogon zango take nema.

Wanda ya riga ya yi aure, kuma shi ɗan wata ƙasar Tarayyar Turai ne da ke zaune a wata ƙasar Tarayyar da ba tasa ba, ya binciki dokar Tarayyar mai lamba 2004/38. A ƙarƙashinta bizar matarsa kyauta ce, kuma ana gaggauta ta.

Ina ake nema, yaushe, nawa

Yankin Shengen ƙasashe 29 ne. Birtaniya ba ta ciki, Jamhuriyar Ailan ma ba ta ciki, kowacce da bizarta. Bizar gajeren zama ta Shengen tana ba da damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana nemanta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun yi kunnen doki sai a nema a ta farkon shiga. Tunda a wurinka za ta sauka, ƙasarka ce. Kada wani ya ba ku shawarar ku nema a ofishin wata ƙasar don an ce sun fi sauƙi. Takardun otal na ƙarya ake haɗawa a yi hakan, kuma jami'in kan iyaka yana da ikon soke bizar idan ya ga inda aka nufa ya saɓa da inda aka ce. Haka nan a ƙasar da take zaune bisa doka za ta nema.

Kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6 a tafi, kuma kada a wuce saura kwana 15. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45. Birtaniya tana karɓar nema tun saura wata 3, amsa galibi cikin mako 3, kuɗin bizar wata 6 kuma fam 127 ne a 2025. Amurka dala 185, da fom ɗin DS-160, da ganawa ido da ido. Kanada dalar Kanada 100, da wasu 85 na ɗaukar yatsu. Waɗannan kuɗaɗe suna hawa lokaci zuwa lokaci, a sake dubawa ranar biya.

Inda mutane ke makara shi ne samun ranar kai takardu. Kwana 15 ko mako 3 ɗin nan, daga ranar da aka miƙa takardu aka ɗauki yatsu ake ƙirga su. Jiran ranar kanta kan ci makonni, a wasu ofisoshin Amurka ma watanni, musamman gab da hutun bazara da na ƙarshen shekara. Don haka a fara da neman rana, sannan a tsara takardu su dace da ita, domin bayanan banki da takardar wurin aiki sababbi ake so. Cibiyoyi irin su VFS Global, TLScontact da BLS International karɓar takardu da ɗaukar yatsu ne aikinsu, suna da nasu kuɗin hidima, amma ba su da ta cewa a hukunci. Ɗakin alfarma ko wani ƙarin da suke sayarwa ba ya ƙara wa nema daraja.

A faɗi soyayyar ko a ɓoye?

A faɗa. Wannan ita ce shawarar da aka fi ɓata, domin dillalan biza sukan ce a rubuta yawon buɗe ido kawai, a kama otal a takarda, kada a ambaci kowa. Fom ɗin Shengen yana tambayar sunan mai gayyata da adireshinsa. Na Birtaniya yana tambayar inda za a sauka da wanda zai biya. DS-160 yana tambayar wanda aka sani a Amurka da alaƙar da ke tsakani, yana kuma neman sunayen da aka yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara 5. Wadda ta rubuta ba ta san kowa ba, alhali shafinta cike yake da hotunanku, ko asusunta na nuna kuɗin da kake turo mata kowane wata, ta jefa kanta cikin laifin da ya fi hana biza muni nesa ba kusa ba. Birtaniya kan haramta wa mai yaudara shiga har shekara 10, Kanada shekara 5, a Amurka kuwa haramcin na dindindin ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma nan gaba in kuka zo neman bizar aure, fom ɗin da ta ce ba ta san ka ba yana nan a ajiye, da kwanan watansa.

Faɗin gaskiya kuma ba ya nufin a cika fayil da wasiƙun soyayya. Abin da ake so a nuna shi ne alaƙar ta gaske ce, domin Birtaniya, alal misali, ba ta karɓar tallafin wani sai ta gamsu akwai alaƙa ta haƙiƙa tsakaninsa da baƙon. Hatimin shiga ƙasarta a fasfonka, tikitin tafiyar da kuka haɗu, hotuna kaɗan na lokuta daban-daban, da ɗan samfurin kiraye-kiraye da ke nuna tsawon lokacin da kuke tare, sun wadatar. Shafi ɗari na hirar WhatsApp babu mai karantawa, kuma in aka karanta aka tarar kuna lissafin yadda za ta dawo gabaki ɗaya, kun ba jami'i hujja da hannunku.

A kira alaƙar da sunanta. In budurwa ce a ce budurwa, in an yi baiko a ce an yi. Kada ita ta rubuta aboki kai ka rubuta wadda zan aura. Irin wannan saɓanin kaɗai ya isa a hana.

Mafi wuya shi ne masoyan da suka haɗu ta intanet, ba su taɓa ganin juna ba. Jami'i na shakkar komai a nan, har da tsaron lafiyar baƙuwar kanta, kuma yana da dalili. Abin da ya fi shi ne mai gayyata ya fara zuwa ƙasarta, ko su haɗu a wata ƙasa da dukkansu ke iya shiga cikin sauƙi, sannan a nemi bizar.

Shaidar komawa gida

Nan ya kamata mafi yawan ƙoƙari ya tafi. A dokar Amurka, sashe na 214(b) yana ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar ƙaura har sai ya gamsar da jami'i akasin haka. Sauran ƙasashen ba su rubuta shi da wannan kaifin ba, amma tunanin ɗaya ne. A takardar hana biza ta Shengen, ɗaya daga cikin dalilan da aka fi yi wa alama shi ne shakku kan niyyar fita kafin biza ta ƙare.

Ma'aikaciya ta kawo takarda daga wurin aiki, a kan takarda mai tambarin kamfani, ɗauke da muƙaminta, ranar da ta fara aiki, albashinta, ranar fara hutu da ranar komawa bakin aiki, da sunan mai sa hannu da lambar da za a same shi. Ana kira a tabbatar, saboda haka wanda zai ɗaga wayar ya san da maganar. A haɗa da takardun albashi na wata 3 zuwa 6, kuma adadin da ke jikinsu ya zama shi ne ke shiga asusun banki. In takarda ta ce albashi kaza, banki kuma bai nuna shigarsa ba, jami'i zai ɗauka aikin ma babu shi.

Mai sana'ar kanta ta kawo rajistar kasuwancin, shaidar biyan haraji, bayanan asusun kasuwanci, da wasu rasitai ko kwangiloli da ke nuna harkar na gudana. Ta kuma bayyana wanda zai riƙe harkar in ba ta nan. Ɗaliba ta kawo takardar makaranta mai nuna ajinta da ranar komawa karatu, tafiyar kuma ta faɗa cikin hutun makaranta. Takardun gida ko fili da sunanta, yarjejeniyar haya, takardun haihuwar 'ya'yan da za ta bari, shaidar iyayen da take kula da su, duk suna ƙara nauyi, muddin akwai takarda. Faɗa da baki cewa tana son ƙasarta ba ya cikin lissafi. Tsohon fasfo mai nuna ta taɓa fita ta dawo a kan lokaci yana da amfani sosai, a haɗa kwafinsa.

Tsawon ziyarar da aka nema shi ma shaida ne, ko dai ya taimaka ko ya rusa. Masoya kan so su cinye kwana 90 ɗin ko wata 6 ɗin dukka, tunda doka ta ba da dama. Amma wane wurin aiki ne ke ba da hutun wata 3? Wadda ta ce tana da aiki mai muhimmanci sannan ta nemi wata 3, ta ƙaryata kanta. A zuwan farko mako 2 ko 3 da ya yi daidai da takardar hutu ya fi samun karɓuwa.

Wadda ba ta da aiki, ba ta karatu, ba ta da dukiya, kuma kai ne ke ɗaukar nauyinta tun daga gida, yiwuwar a hana ta babba ce, ko da takardunka sun cika sun batse. Gara a san wannan tun da wuri. Ko dai a jira har ta samu abin da ke riƙe ta a gida, ko kai ka je, ko kuma in zama ake nufi a bi hanyar bizar aure kai tsaye. Sayen takardar aiki ta jabu shi ne mafi munin zaɓi. Ko da dillali ne ya haɗa ta ba da saninta ba, mai sa hannu a fom ce ke ɗaukar laifin.

Maganar kuɗi

Ana son bayanan asusu na wata 3 zuwa 6, wanda banki ya fitar, mai ɗauke da sunanta. Yadda kuɗi ke shiga da fita ake karantawa, fiye da abin da ya rage a ƙasan shafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba mata kuɗi masu yawa saura 'yan kwanaki a kai takardu don asusun ya yi kyan gani. Jami'ai sun san wannan dabarar sarai, kuma hukuncinsu shi ne ba su gamsu kuɗin nata ne ba. In da gaske wani babban kuɗi ya shigo, kamar na sayar da mota ko ladan ƙarshen shekara, a haɗa takardar da ke bayyana asalinsa.

In kai ne za ka biya, a rubuta hakan a fili a fom, ka haɗa naka bayanan bankin da na albashi. Babu aibu a ciki. Duk da haka ita ma ta sa nata bayanan, ko da kuɗin kaɗan ne, domin su ne ke nuna tana da rayuwa a gida. In ita za ta biya, kuɗin tafiyar ya yi daidai da ƙarfinta. Wadda za ta kashe albashin wata 6 ko duk abin da ta tara a kan hutun mako 2, za a tambayi dalili.

Yawancin ƙasashen Shengen suna da adadin da suke so baƙo ya mallaka a kowace rana. Jamus yuro 45. Faransa yuro 65 ga mai takardar otal, yuro 32.50 ga wanda ke da takardar masauki ta hukuma, yuro 120 ga wanda ba shi da shaidar wurin kwana. Birtaniya da Amurka ba su ƙayyade adadi ba.

Takardun mai gayyata

Wasiƙar gayyata shafi guda ta isa. Ka rubuta cikakken sunanka, adireshi, lambar waya, matsayinka a ƙasar, da aikinka. Ka rubuta sunanta yadda yake a fasfo, ranar haihuwa da lambar fasfo. Ka faɗi alaƙarku da lokacin da ta fara, ranar zuwa da ranar komawa, inda za ta kwana, abin da za ka biya da abin da za ta biya, da ɗan tsarin inda za ku je. Ka sa hannu da kwanan wata. Ka haɗa kwafin fasfonka, katin izinin zama in kai ma baƙo ne a ƙasar, da takardar haya ko ta mallakar gida. In izinin zamanka ya kusa ƙarewa, ka sabunta kafin ta nema.

Wasu ƙasashen Turai suna da takardar hukuma da ta fi wasiƙa ƙarfi. A Jamus sunanta Verpflichtungserklärung, ana yin ta a ofishin kula da baƙi na garinka, kuɗinta yuro 29, kuma sai sun duba ko abin da kake samu ya isa. Ka karanta ta da kyau kafin ka sa hannu, domin alkawari ne na biyan duk abin da gwamnati ta kashe a kan baƙuwar, abinci, masauki, asibiti, har da kuɗin mayar da ita gida da ƙarfi in ta ƙi fita, kuma alkawarin yana binka shekara 5 daga ranar shigarta, ko da kun rabu. A nemi biza da takardar cikin wata 6 da fitar da ita. A Faransa attestation d'accueil ce, daga ofishin magajin gari. A Sifaniya carta de invitación, daga 'yan sandan ƙasa. A Holan akwai fom ɗin lamuni da masauki da ƙaramar hukuma ke tabbatar da sa hannun da ke kai. Galibi ainihin takardar ake so, don haka a ƙara kwanakin aika ta cikin lissafi.

A Amurka abin ya bambanta. Ma'aikatar harkokin wajensu ta faɗa a fili cewa ba a buƙatar wasiƙar gayyata, kuma ba ta cikin abubuwan da ake yanke hukunci da su.

Ita ma ta rubuta tata gajeriyar wasiƙa, da bakinta: wace ce ita, me take yi, wa za ta ziyarta, kwana nawa, me ke jiranta a gida. Kafin a miƙa, a jera fom da wasiƙu biyun da takardar hutu da tsarin jirgi da inshora, a bi ranakun ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu su faɗi abu guda.

Fasfo, inshora, tikiti, fassara

Don Shengen, fasfo ya zama an fitar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar fita, da shafi 2 da ba a taɓa ba. Inshorar lafiya dole ce, mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000, mai aiki a dukkan ƙasashen yankin, ta rufe dukkan kwanakin, ta haɗa da kwanciya asibiti da mayar da mara lafiya ko gawa gida. Birtaniya da Amurka ba su wajabta ta ba, amma zuwa Amurka babu inshora ganganci ne, saboda tsadar asibitocinsu.

Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ajiyar kujera ko tikiti mai sassauci ya isa. A duba kuma ƙasar da jirgin zai yada zango, domin wasu na buƙatar bizar ratse ko da ba za a fita daga filin jirgi ba. Duk takardar da ba ta cikin harshen da ofishin ke karɓa a fassara ta wurin ƙwararre. Birtaniya tana son fassarar ta ɗauki sunan mai fassara, sa hannunsa, kwanan wata, adireshinsa da tabbacin cewa fassarar daidai ce.

Tambayar ko an taɓa hana ta biza a wata ƙasa, a amsa ta da gaskiya, ko shekara nawa aka yi. Ƙasashen Shengen rumbun bayanai guda suke amfani da shi, Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya da New Zealand kuma suna musayar bayanan yatsu a tsakaninsu.

Ranar ganawa

A Shengen da Birtaniya yawanci miƙa takardu ne da ɗaukar yatsu, ko da yake ana iya kira a waya. Yatsun da aka ɗauka don Shengen suna aiki wata 59. A Amurka ganawar 'yan mintoci ce a gaban taga, sau da yawa ma jami'in ba ya buɗe fayil, kuma ba za ka shiga tare da ita ba. Ta san abin da aka rubuta a fom ɗinta, ko da wani ne ya taya ta cikewa. Ta amsa abin da aka tambaya a taƙaice: wa za ta gani, me yake yi, ina yake zaune, kwana nawa, wa zai biya, wane aiki take yi, yaushe za ta koma. In aka tambayi maganar aure ta faɗi yadda take. Haddace jawabi yana fitowa fili, kuma yana jawo shakka.

Bayan biza ta fito

A duba takardar da aka manna tun kafin a bar wurin: suna, lambar fasfo, ranar farawa, ranar ƙarewa, yawan shiga, da yawan kwanaki. Biyun ƙarshen nan ne ke ruɗa mutane. Bizar Shengen kan zo da ƙarin kwana 15 a wa'adinta don sassaucin ranar tafiya, amma in an rubuta kwana 20, kwana 20 ne, ko da wa'adin ya nuna 35. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. In shiga ɗaya aka ba ta, kuka fita yankin don ziyarar kwana 2 a wata ƙasa, ba za ta iya dawowa ba. Daga Oktoban 2025 ƙasashen Shengen sun fara rubuta shiga da fita a na'ura maimakon hatimi, don haka ko kwana ɗaya aka ƙara zai fito.

Biza izinin zuwa bakin iyaka ce, jami'in shige da fice ne ke da maganar ƙarshe. Ta riƙe kwafin wasiƙar gayyata, tikitin komawa, inshora, adireshinka da lambarka a jakar hannu, kai kuma wayarka ta kasance a kunne lokacin saukarta. Kada ta ɗauko takardun shaidar karatu da na neman aiki, ko kayan da ke nuna ƙaura. A Amurka ranar da ke kan rajistar shiga ƙasa mai suna I-94 ce iyakar zamanta, ko da bizar na da sauran shekaru, kuma ana duba ta a intanet bayan shiga. Wanda ya zarce da fiye da kwana 180 sannan ya fita, haramcin shekara 3 ne, wanda ya kai shekara guda kuwa shekara 10. Aiki haramun ne ga baƙuwa, kuma tsayawa a shagonka ko kamfaninka tana taya ka, ko ba a biya ta ba, ana iya ɗaukarsa aiki.

Idan aka hana

Kuɗin ya tafi, ba a mayarwa. A karanta dalilin a natse. Takardar Shengen tana nuna dalilan da aka yi wa alama, da inda ake ɗaukaka ƙara da wa'adinsa, kuma kowace ƙasa da nata. Jamus ta soke hanyar neman ofishin jakadanci ya sake duba hukunci daga 1 ga Yulin 2025, saura sabon nema ko shigar da ƙara a kotun gudanarwa ta Berlin. Birtaniya galibi ba ta ba da damar ɗaukaka ƙara kan bizar ziyara, amma wasiƙarta kan yi bayani dalla-dalla, sai a bi kowane sakin layi a amsa shi da takarda a sabon nema. Hanin Amurka a ƙarƙashin sashe na 214(b) ma ba shi da ɗaukaka ƙara.

Babu dokar da ta ce a jira, sai dai sake nema bayan mako guda da takardun da aka ƙi, ƙara wani hanin ne kawai a tarihinta. A sake nema idan wani abu ya canja da gaske: ta samu aiki ta yi watanni a kai, asusunta ya daidaita, kun haɗu ido da ido, ko an rage kwanakin. A sabuwar wasiƙa a ambaci hanin da ya gabata da ranarsa, a faɗi abin da aka gyara.

In kuwa aka ba ta, ta koma a ranar da ta faɗa a fom. Wadda ta ce mako 2 ta yi wata 5 a Birtaniya ba ta karya wa'adin biza ba, amma a nema na gaba za a tambaye ta yadda aka yi, da wane kuɗi ta rayu, da inda aikin da ta ce tana yi ya shiga. Birtaniya kuma tana hana wanda ta ga yana mayar da ziyara a kai a kai ta zama zaman dindindin. A Shengen, wadda ta yi amfani da biza 3 bisa ƙa'ida cikin shekara 2 ta cancanci a duba ba ta bizar shekara 1 mai shiga da yawa, daga nan ta shekara 2, sannan ta shekara 5. Birtaniya ma tana da bizar ziyara ta shekara 2, 5 da 10, kowane zuwa iyakarsa wata 6. Ta adana katin shiga jirgi da kwafin tsohuwar biza, za a buƙace su a nema na gaba.